Daɓen Kwabbai a Kicin ɗin Marlys

Eino Harju ya rasu cikin watan Oktoba, yana tsaka da sauya wa motarsa tayoyin hunturu. Zuciya ce ta tsaya masa. Shekara arba'in da ɗaya muna abota: shi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara ta ƙaramar hukuma, ni kuma ina gyaran agogo a ɗan shagona da ke kallon gidan waya. Sati biyu bayan an binne shi aka yi mini aikin gwiwa, sai ni da matata Bernice muka tafi Arizona wajen ɗanmu, muka guje wa sanyin arewacin Michigan. Ba mu dawo ba sai cikin Mayu.

Lahadin farko da muka je coci, Marlys, matar marigayin, ta tare mu a bakin ƙofa. Ta rame kaɗan, amma fuskarta a sake.

Ta ce, "Reino, kai da Bernice ku biyo ni gida ku sha gahawa. Akwai abin da zan nuna muku, kuma kai ne za ka fi kowa jin daɗinsa."

Na ce, "To, matar abokina, ba dai miji kika yi ba mu sani ba?"

"Allah ya sawwaƙe. Ɗaya ma da ƙyar na gama da shi."

Muka yi dariya muka bi ta.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Harju ya san ledar da ke shimfiɗe a kicin. Tun ranar da suka tare take nan. Ta ƙoƙe, ta tsage a gaban murhu, Eino ya bi tsagar da salatif. Duk shekara Marlys sai ta yi maganar a sauya ta, duk shekara amsarsa ɗaya ce: ƙasa ce, taka ta ake yi, kuma kuɗi ba a bishiya suke ba. Mutum ne mai wanke ledar burodi ya shanya don a sake amfani da ita.

Corinne, 'yarsu tilo, ita ta buɗe mana ƙofar baya. Ma'aikaciyar jinya ce a gidan tsofaffi, shekarunta sun haura arba'in, amma ranar tana ta rawar jiki kamar yarinya.

"Kawu Reino, rufe idonka. A'a, da gaske nake. To, buɗe!"

Na buɗe. Kicin ɗin gaba ɗaya, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin taga, daɓen kwabbai ne. An jera su ɗaya kusa da ɗaya, masu duhu sun yi layi, masu haske sun yi layi, an zuba musu ruwan roba mai daskarewa ya zama kamar gilashi. Rana ta shigo ta taga ta faɗa a kai, ɗakin duk ya yi ja. Bernice ta dafe ƙirji.

"Marlys! Ke kika yi wannan?"

"Ni da Corinne, da gwiwoyinmu. Wata huɗu. Kwabo dubu talatin da 'yan kai. Tarkacen nan na Eino da ya cika mini ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yau ga ranarsa. Na ce tunda ya ƙi saya mini leda yana raye, to ya yi mini daɓe yana kwance."

Ni ma na yaba, har zuciyata. Na san kwalaben nan na Eino, manya-manya, cike da kwabban da ba su da wata daraja. Na sunkuya zan cire takalmi a bakin ƙofa, ina lallaɓa sabuwar gwiwata. A nan idona ya faɗa kan wani kwabo, taku ɗaya daga dokin ƙofa.

Shekarar da ke jikinsa 1955 ce, amma kowace lamba ta fito sau biyu, kamar tana jan inuwarta. Rubutun da ya zagaye hoton mutumin da ke jikin kwabon ma haka, bibbiyu. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na laluba aljihu na ciro gilashin da nake duba cikin agogo da shi, na maƙala a ido, na kusa kai hancina ƙasa.

Bernice ta ce, "Kai dattijo, likita ya ce kada ka durƙusa!"

Ban ji ta ba. Akwai ɗan tabo ƙarami a bayan kafaɗar hoton, wanda na sha gani. Kwabon nan ba irinsa kawai na sani ba, shi kansa na sani. Na matsa gefe. Na kusa da shi 1914, da ƙaramin harafin D a ƙarƙashi. Na gaba 1922, babu harafin komai. Duk masu wuyar samu ne. Kuma dukkansu sun yi wani irin ja mai ɗaukar ido, jan naman da aka feɗe.

Na ɗago kai.

"Marlys, waɗannan na bakin ƙofa, daga ina kika samo su?"

"Au, waɗannan? Ai kwalaben ne suka ƙare mana, saura ɗan wuri kaɗan. Sai na tuna da littattafan nan shuɗɗa da yake cusa kwabbai a ciki, muka ɓanɓaro su. Su ma ba su isa ba. Sai ga wata akwatin ƙarfe a bayan tukunyar ɗumama gida."

"Koriya?"

"Ita. Ashe ka san ta. Guda arba'in da uku ne a ciki, kowanne an rufe shi cikin wata roba mai taurin tsiya. Almakashi ya ƙi ci, wuƙa ta ƙi ci."

Corinne ta karɓe tana dariya. "Sai da na ɗauko gudumar Baba. Kawu, ka ga yadda suke tsalle? Ɗaya har ƙarƙashin firji ya shige."

"Guduma," na ce.

"Guduma mana."

"Jan nan fa?"

Marlys ta ce, "Ai sun yi duhu, wajen kuwa masu haske nake so. Na jiƙa su kwana guda cikin ruwan lemon tsami da gishiri, da safe na bi su da soson ƙarfe. Ba ka ga yadda suka fito ba? Kamar yau aka buga su."

Na zame na zauna daɓas a kan daɓen, na jingina da ƙofa. Bernice ta ce fuskata ta koma kamar takarda. Corinne ta kama hannuna tana duba bugun jini, tana tambaya ko ƙirjina na ciwo. Na ce mata lafiyata ƙalau, a ba ni ruwa kawai.

Marlys ta ajiye butar gahawa a hankali. Mace ce da ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, ta san fuskar mai ɓoye magana.

"Reino Salmela, faɗi abin da ke bakinka."

Na nuna mata kwabon farko. Na ce a waccan shekarar, a gidan buga kuɗi na Philadelphia, an yi kuskure wajen yin hatimin da ake buga kwabbai da shi, zanen ya hau sau biyu a ɗan karkace. Kafin a farga, wajen dubu ashirin sun shiga hannun jama'a, cikin miliyoyin da aka buga daidai. Masu tara tsofaffin kuɗi suna neman su ido rufe. Robar nan da ta ƙi fasuwa kuwa, masana ne suka duba kwabon, suka tabbatar na gaske ne, suka rubuta matsayinsa, suka rufe shi don kada hannu ya sake taɓa shi. Duhun da ta kankare, shi ne fatar da jan ƙarfe yake yi da kansa cikin shekaru, kuma ita ake saye. In ta tafi ba ta dawowa.

Corinne ta ce, "To nawa ne? Dala hamsin?"

"Da yana cikin robarsa, yau zai yi dubu huɗu da rabi."

Ana jin firji yana gurnani.

Marlys ta ce, "Kwabo ɗaya."

"Ɗaya."

"Akwatin gaba ɗaya fa?"

"Ba zan rantse ba. Amma ba ta gaza dubu arba'in ba."

Corinne ta toshe baki da hannu biyu, ta zauna a kujera. "Wayyo Allah, Mama. Da hannuna. Da guduma!"

Na ɗauka Marlys za ta yi kuka, ko ta yanke jiki ta faɗi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon kwabon, can ta ce, cikin wata murya da ban san ta da ita ba:

"A ina ya tsince su?"

Na kau da kai.

"Da kai nake. Cikin canji ya same su? Wani ya bar masa gado?"

"Saya ya yi."

"Eino? Eino da na sani? Ya ba da kuɗi ya sayi kwabo?"

Na gyaɗa kai.

"Wannan mai bibbiyun, nawa ya ba da?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu."

"Yaushe?"

Da na san inda tambayar ta nufa, wataƙila da na ce na manta. Amma mai gyaran agogo ba ya manta lokaci, bakina ya riga ni. Na ce cikin bazarar 1998, a wata babbar kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi da ake ci a Milwaukee.

Marlys ta juya ta dubi 'yarta. Corinne ta sauke hannuwanta daga baki a hankali.

"Shekarar da na gama sakandare ke nan," in ji ta. "Shekarar da makarantar jinya ta ɗauke ni. A kan teburin nan ya zaunar da ni, ya ce in yi haƙuri, babu hali. Kawu Reino, shekara goma sha huɗu na yi ina tsaye a kanti ina saka wa mutane kaya a leda kafin na tara na kai kaina."

Wallahi ban taɓa haɗa abubuwan biyu a raina ba, ko kuwa ban yarda na haɗa su ba.

Marlys ta ce, "Milwaukee. Ni ban san Eino ya taɓa taka Milwaukee ba."

"Duk bazara muke zuwa."

Marlys ta ce, "Duk bazara kamun kifi kuke zuwa. Kwana uku. Kuna dawo mana da ƙyafaffen kifi."

"A hanya muke saye."

A nan ne Bernice ta ajiye kofinta a kan faranti. Ƙarar da ya yi ba ta da yawa, amma na ji ta har cikin haƙorana.

Sauran ya fito da kansa, don in rami ya rufta ba a zaɓen ƙasar da za ta zubo. Na gaya musu duk abin da ya saya ta gidan waya, shagona ake kawowa. Kuɗin ƙarin aikin da yake yi in ƙanƙara ta yi yawa, rabi yake kai gida. Ya sha ce mini ajiya yake yi musu, wata rana zai zaunar da su ya nuna musu komai. Na ce ranar jana'iza na so in yi mata maganar akwatin, na ga ba lokacinta ba ne, na bari sai na dawo.

Marlys ta ce, "Akwai waya a Arizona?"

"Akwai."

"To. Tashi ka fitar mini daga gida. Bernice, ke ki zauna in kina so, ba da ke nake ba."

Bernice ta zauna. Ni na jira ta a mota fiye da awa guda.

Kwana tara bayan haka Corinne ta shigo shagona. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce uwarta ta ce in zo in ceci abin da zai cetu, tunda ni na san su.

Kwana uku na yi ina rarrafe a kicin ɗin, da matashi a ƙarƙashin gwiwa da fitila a hannu, ina ɗiga alama da jan alƙalami a kan duk wanda na gane. Marlys tana ajiye mini gahawa a ƙasa kusa da ni, ba ta ce mini kanzil. Talatin da ɗaya na samu. Sauran goma sha biyun an kifa su, bayansu ne a sama, zangarniyar alkama biyu kawai ake gani, irin ta dubban da ke kewaye da su. Babu yadda za a yi a san shekararsu sai an ɗaga. Don haka mijin Corinne ya zo da zarto mai lantarki, muka yanke wajen bakin ƙofa gaba ɗaya, kamar faɗin tabarma, har da katakon da ke ƙasa. Lokacin da zarton ya fara kuka Marlys ta fita bayan gida tana cire ciyawa a lambunta.

Sati shida na yi ina jiƙa gutsattsarin a cikin magani, ina ɓare robar da tsinken katako. Na samu arba'in da biyu. Ɗaya zarton ya raba shi biyu, kuma da na haɗa ɓarin na duba, ashe na 1909 ne mai harafin S, wanda Eino ya yi shekara shida yana nema. Na rufe shagon ranar, na zauna ni kaɗai.

Mai bibbiyun ya fito da ransa, in ana iya cewa haka. A ƙarƙashin gilashi fuskarsa duk zane ne sirara, sawun soson ƙarfe, gefensa kuma ya lotsa inda guduma ta same shi. Na aika shi wajen masanan tare da manyan cikinsu. Bayan wata guda suka dawo cikin sababbin robobi, kowanne da rubutu iri ɗaya: na gaske ne, amma an wanke.

Corinne ta ce da ita za a je wajen sayarwa, ba ta yarda a sake yin wani ciniki a bayan idonta ba. Muka yi tafiyar awa biyar zuwa wajen wani dillali da na daɗe da sani, mutum mai gaskiya, mai ƙaton ciki. Ya ɗauki mai bibbiyun ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya ɗago ya dube ni.

"Reino, wane mara imanin ne ya yi wannan aika-aika?"

Corinne ta ce, "Ga ta nan a gabanka. Yi mana kuɗi, malam, ba wa'azi muka zo ji ba."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce ɗari tara. Ta ce dubu. Ya ce shi ma sai ya sha wahala kafin ya samu mai so. Ta miƙa hannu za ta ɗauke, ya ce to, dubu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta fi ubanta iya ciniki nesa ba kusa ba. Duka-duka aka tashi a dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu.

A hanyar dawowa muka yi nisa har muka hango tafki. Sannan ta ce, "Kawu, yana jin daɗinsu kuwa? In ya sauka ɗakin ƙasa ya buɗe akwatin?"

Na ce, "Ban taɓa ganinsa yana murna kamar lokacin ba."

Ta ce, "Ni ban taɓa ganin wannan fuskar tasa ba." Ta juya wajen taga.

Marlys ta ce kuɗin na Corinne ne, kuɗin makarantarta ne da ya makara. Corinne ta ce ba za ta taɓa ko sisi ba, uwarta ta gyara rufin gida. Suka yi sati biyu suna tura wa juna takardar banki, har fasto ya shiga tsakani aka raba biyu. Ramin bakin ƙofa kuwa, Marlys ta je banki ta canjo kwabbai sababbi na dala goma sha biyar ta cike shi. Launinsu bai dace da sauran ba, ta ce ba ruwanta.

Labari a garinmu ba ya kwana. Mu tara ne a ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi, muna haɗuwa duk Talatar farkon wata a ɗakin karatu. Kafin ƙarshen bazara matan mutum huɗu sun shigo shagona, kowace da akwati a hammata, suna so in faɗa musu gaskiyar abin da ke ciki. Biyu sun fita suna dariya, don na mazajensu bai kai kuɗin man mota ba. Biyu ba su yi dariya ba. Har yau cikin mazajen akwai wanda in ya hango ni a gidan mai yake juya mota.

Bernice ba ta tayar da maganar ba duk tsawon wannan lokaci. Tana dafa abinci, tana tuna mini maganin gwiwa, muna zuwa coci tare. Na fara zaton na tsira. Wata Asabar da safe cikin Satumba na sauko karin kumallo, na tarar ta share teburin tas, babu faranti, babu kofi. Akwatina ce a tsakiya, baƙar nan da nake ɓoyewa cikin tsohon agogon bango a shago. Ban san ta san da ita ba, balle inda mabuɗin yake.

Ta ce, "Zauna, masunci."

Na zauna.

"Ba kuɗinsu na yau nake tambaya ba. Ɗauko su ɗaya-ɗaya. Ka faɗa mini abin da ka biya, da shekarar, ni kuma in faɗa maka abin da muke ciki a gidan nan a wannan shekarar."

Guda ashirin da shida ne. Mun fara da ƙarfe takwas, ba mu gama ba sai da rana ta karkata, kuma ba a ɗora tukunya ba. Wasu shekarun sun wuce salin-alin. Wasu kuwa, kamar shekarar da ta fasa zuwa bikin ƙanwarta a Oregon saboda tsadar jirgi, sai da ta tashi ta fita tsakar gida ta daɗe kafin ta dawo ta ce in ci gaba.

Ba ta ce in sayar ba. Da muka kai na ƙarshe ta rufe akwatin, ta ɗauke ta ta kai falo, ta ɗora a kan kanta kusa da hotunan jikoki, inda duk wanda ya shigo zai gani. Ta ce bazara mai zuwa in ina da niyyar Milwaukee, da ita za a tafi, kuma ita za ta riƙe jakar kuɗi.

Marlys ta fara amsa gaisuwata wajen Kirsimeti. Gahawa dai har yanzu ba ta sake gayyata ta ba.